Yadda Za Ka Rubuta Littafin Takubba da Tsafi Mai Sa Kuka Ba Tare da Ka Taɓa Shan Wahala Ba

Idan ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari kafin wata uku za a riƙa nuna ka da baki a Kasuwar Gombe. Mata za su ƙona miya saboda babinka na bakwai. Masu keke za su wuce inda fasinja ya ce a sauke shi. Ni Hudu, wanda masu karatu suka sani da Sadaukin Alƙalami, na gwada wannan hanya a shekarar 2015 kuma ta yi aiki. Ta ma yi aiki fiye da yadda na nema, amma wannan sai mun isa mataki na takwas.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da masu karatu suke so

Kada ka yi kuskuren da na fara yi. Jarumin littafina na farko ɗan sarki ne, fari, dogo, ya kashe aljanu dubu huɗu a shafi ɗaya rigarsa ko yamutsewa ba ta yi ba. Na kai wa Ummukulthum, wata mai aiki a kantin magani a unguwar Nasarawo wadda ba ta barin littafi ya wuce ta, ko na wa ne. Bayan kwana biyu ta miƙo mini shi ta saman kanta kamar maganin da ya lalace.

"Malam Hudu, jarumin nan naka ko fitsari ba ya yi?"

Na ce ai jarumi ne.

"To ni ba na son sa. Ka ba ni mutum mai faso a ƙafa. Wanda takobi ke yi wa nauyi, in ya ga jini cikinsa ya juya. Wanda zai yi abin kunya ya kasa gaya wa matarsa. In zai yi tsafi, tsafin ya ci wani abu a jikinsa. Kuma ka kashe mini wanda na fara so, daidai lokacin da na fara son sa. Mu da muke jin ƙarar bam daga tasha mu ci gaba da wanke-wanke, ka kawo mana mutumin da turare ke fita daga hammatarsa?"

Ka haddace wannan. Mai karatu na yanzu ba ya neman wanda ya fi shi. Yana neman wanda ya fi shi shiga uku, don ya rufe littafin ya ji nasa da sauƙi.

Mataki na biyu: Ka binciki rayuwarka, ka tabbatar babu komai a ciki

Zauna ka tuna wahalar da ka taɓa sha. Ni a boskwata, ɗakin bayan gidan kawuna, nake zaune a GRA. Da na yi nawa binciken, abu biyu na samu. Akwai ranar da janareta ya mutu ana tsakiyar wasan ƙwallo. Akwai kuma ranar da aka sauke mu daga keke a shingen bincike aka ce kowa ya ɗaga hannu ya taka, ni kuwa ina riƙe da yogot, ya riƙa zuba ta hannun rigata har gwiwar hannu.

Na gwada mayar da yogot ɗin jini. Bai yi ba.

Idan kai ma haka ka samu, kada ka damu. Rashin wahala ba ya hana mutum rubuta wahala, kamar yadda rashin gona ba ya hana shi cin tuwo.

Mataki na uku: Ka nemo wanda ya sha ta a madadinka

A shekarun nan ba sai ka yi nisa ba. Kowane lungu a Gombe akwai wanda ya zo daga Borno da kayan jikinsa kawai. Amma ka zaɓa da kyau. Kada ka ɗauki mai yawan ba da labari, nasa ya riga ya tsufa a bakin mutane. Ka nemi mai shiru.

Nawa tela ne, sunansa Fannami. Yana da ɗan shago a bayan wata makarantar firamare a Nasarawo, wanda in ya miƙe ƙafa sai ta leƙo waje. Shekarunsa za su kai arba'in da biyar. Ɗan ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne, ƙofa ce ta datse shi yana yaro. Kullum da tef ɗin awo a wuyansa, ko masallaci zai je. Duk telolin layin sun juya wa titi baya saboda rana, shi kaɗai ya sa keken ɗinkinsa yana kallon hanya, kowa ya gifta sai ya ɗaga kai. Da na ga haka na san akwai babi goma a cikin mutumin nan.

Mataki na huɗu: Ka koyi sauraro

Kada ka je da takarda da biro, za ka kore shi. Ka je da yadi. Ni sai da na ɗinka riguna huɗu da ba na bukata kafin ya daina kirana "mai kaya" ya koma "Malam Hudu". Ka riƙa zuwa da goro. Ka zauna a kan bencin nan mai ƙafa uku, ka yi tagumi, ka ce, "Duniya ke nan, Baba Fannami." Sai ka yi shiru. Wayarka tana aljihun gaba, tana ɗauka.

Ran da ya buɗe baki, yana sa maɓalli ne a rigata ta huɗu.

Ya ce ranar Talata suka shigo garinsu, da hantsi, yana yanka wuyan riga. Yana da wa, Madu, wanda shan inna ya shanye wa ƙafa tun suna yara, kuma shi ya koya masa ɗinki. Fannami ya goya wansa, matarsa Ya Aisa ta ja yaransu biyu, suka shiga daji. Kwana biyu suna tafiya. Suka iso kogi, ruwa ya kai ƙirjin babba. Ba yadda za a yi ya haye da Madu a baya da yara a kafaɗa.

"Sai Ya Madu ya ce, sauke ni. Ka haye da yara ka dawo. Na zaunar da shi gindin wata aduwa, na ajiye masa gorar ruwa. Na haye da yaran. Na juyo zan koma, sai harbi ya tashi daga can ɓangaren. Mutane suka yi ta faɗowa ruwa. Ya Aisa ta riƙe mini riga ta baya. Ina hango hularsa a gindin aduwar, shuɗiya, ni na ɗinka masa ita."

Ya ciji zare ya tsinke shi.

"Har yau, Malam Hudu, ban sani ba ko ita ce ta riƙe ni, ko ni ne ban fizge ba."

A nan ne sabon marubuci yake lalacewa, ya fara hawaye. Kai kada ka yi. Ka ce "Allah sarki", ka sa hannu a aljihu kamar kana neman hankici, ka tabbatar cajin wayar bai ƙare ba.

Mataki na biyar: Ka sauya sunaye, amma kada ka wahalar da kanka

Garinsu ya zama Birnin Gishiri. Kogin ya zama Kogin Toka, wanda duk wanda ya haye shi sai ya manta sunan mutum ɗaya da yake ƙauna. Waɗanda suka shigo ranar Talata suka zama Rundunar Marasa Inuwa. Tela ya zama maɗinkin sulke. Fannami ya zama Fannam, Madu ya zama Madun. Guntun yatsa na bar shi, sai dai takobi ne ya sare shi ba ƙofa ba, don ƙofa ba ta sayar da littafi. Hular ma na bar ta shuɗiya. Littafin na sa masa suna Maɗinkin Sulke.

Wannan shi ake kira ƙirƙira. Rabin yini ya ishe ka.

Mataki na shida: Ka ɓata jarumin

Wannan ne zuciyar aikin, ka natsu.

Na kai wa Ummukulthum babi uku na farko yadda Fannami ya ba ni su. Ta karanta a tsaye, tana ba wani maganin tari da hannu ɗaya. Ta ce, "Yanzu ka fara zama mutum. Amma jarumin nan ba shi da laifi. Ƙaddara ce ta same shi. Ni ina son wanda ya zaɓa da kansa."

To sai ka ba shi zaɓi. A sabon babi na huɗu, shugaban Marasa Inuwa ya tare Fannam a bakin Kogin Toka ya ce masa: ka bar mana wanka Madun, ka nuna mana hanyar da mutanen garinku suka bi, 'ya'yanka su haye lafiya. Fannam ya dubi wansa, ya dubi yaran, ya ɗaga guntun yatsansa ya nuna hanya.

Washegari Ummukulthum ta kira ni a waya. "Malam Hudu, Allah ya isa tsakanina da kai! Na tsane shi, ina tausayinsa, ko abinci na kasa ci. Ina babi na biyar?"

Idan mai karatu ya yi maka Allah ya isa, ka ci nasara.

Za a samu mai son ɓata maka tafiya. Tawa Ijeoma ce, mai shagon buga takardu da hoto-kwafi a bakin kasuwa, inda nake fitar da babi-babi. A Gombe aka haife ta, Hausarta ta fi tawa, kuma tana da mugun halin karanta abin da aka ba ta ta buga. Wata rana ta same ni a bayan shagonta da abin ji a kunne ina kwafo maganar Fannami daga waya. Da ta gama buga babi na huɗu sai ta juyo.

"Oga Hudu, wannan ba telan bayan firamare ba ne? Shi ya ɗinka wa 'yata yunifom."

"Wane tela? Birnin Gishiri ne fa, shekara dubu da suka wuce."

"To me ya sa yake da tef ɗin awo a wuya?"

Na duba. Na manta ban cire ba, shafi na goma sha ɗaya. Na ce ta mayar da shi igiyar fata. Ta mayar, amma ta ce, "Ka san garin da muke ciki kuwa? Jiya aka kusa kashe wani a ƙofar kasuwa don ya ƙi buɗe jaka. Barkono ne a ciki."

Irin wannan maganar ka amsa ta da murmushi, ka ce ba kowa ne ya fahimci adabi ba.

Mataki na bakwai: Ka riƙa sakin babi kaɗan-kaɗan, ka ajiye babban duka a ƙarshe

Duk Juma'a babi ɗaya a Fesbuk, kwafin takarda a shagon Ijeoma don waɗanda ba su da babbar waya. Kafin babi na takwas ana muhawara a kaina a majalisar masu shayi. Wani malamin makaranta ya rubuta cewa tunanina ya wuce shekaruna. Aka gayyace ni wani taron marubuta, aka tambaye ni daga ina nake samo irin waɗannan mutane masu rai. Na taɓa ƙirjina na ce daga nan. Daidai aljihun gaba na taɓa, don haka ba a ce na yi ƙarya ba.

Babi na goma sha biyu shi ne dukan. Madun bai mutu ba. Marasa Inuwa sun ɗauke shi daga gindin bishiyar, sun ƙera masa ƙafar ƙarfe, ya zama ɗaya daga cikin manyansu, kuma duk wata yana aiko wa ƙanensa saƙo a ɗinke cikin bakin riga. Ummukulthum ta ce da ta zo wurin sai da ta zauna a kan kwalin sirinji.

Mataki na takwas: Idan aka fara gane shi, kai kada ka gane shi

Mutanen Nasarawo ba su da ilimin adabi, amma suna da ido. Tela, Babarbare, guntun yatsa a hagu, wa gurgu da aka baro a bakin kogi. Ba a ɗauki sati biyu ba aka fara raɗa cewa labarin gaskiya ne aka sakaya. Masu kaya suka riƙa zuwa shagon Fannami suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Wata mata ta farke bakin rigar mijinta don ta ga ko akwai saƙo. A masallaci aka fara barin fili a gefensa na dama da na hagu. Shi bai san dalili ba, don ba ya karanta boko.

Wata Laraba da azahar mota marar lamba ta tsaya a ƙofar shagon. Mutum biyu suka fito, suka ce ya zo a yi masa tambayoyi kaɗan. Ya nemi ya rufe shago, suka ce ba zai daɗe ba.

Ga abin da za ka yi. Ka gaya wa maigadin gidan duk wanda ya zo ka tafi Bauci.

Ya Aisa ta zo washegari, wata maƙwabciya ta kwatanta mata gidan. Daga tagar boskwata nake hango ta, ta zauna a kan dakalin kwalbati a waje tun safe har la'asar. Ta dawo ranar Juma'a. Ta dawo ranar Asabar. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, abin da ta riƙa gaya wa maigadi kawai shi ne, "Ka ce wa malamin ya zo ya ce musu ba haka aka yi ba."

Na san abin da zai fitar da shi. Yana cikin wayata, da muryarsa, da kwanan wata tun kafin in rubuta kalma ɗaya. Amma ka duba lamarin da idon basira. Duk wanda ya ji wannan muryar zai san babi uku mafi kyau a littafin ba ni na rubuta su ba, kwafa na yi. Shi tambayoyi kawai ake yi masa. Ni suna zan rasa. Don haka na ba lamarin lokaci, kwana shida.

A na bakwai na yi kuskuren zuwa karɓar kwafin babi na goma sha uku. Ina shiga Ijeoma ta ja ƙofar shagon ta tsaya a jikinta. Ummukulthum na zaune a ciki, idonta ya kumbura.

"Ba ni wayar, Oga Hudu."

"Wace waya?"

"Ko ka ba ni, ko in leƙa waje in ce ga wanda ya san sirrin Marasa Inuwa tun daga tushe. Kasuwa ce nan. Ka zaɓa, ai kana son mutum ya zaɓa da kansa."

Ummukulthum ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ni na ce ka ɓata shi. Ban san mutum ne na gaske ba."

Su biyu da mai unguwa da Ya Aisa suka yi ta yawo da wayar daga wannan ofis zuwa wancan. Ni ban bi su ba, marubuci yana bukatar kaɗaici. An sako shi a kwana na goma sha ɗaya.

Mataki na tara: Idan ya zo, ka ba shi kujera

Zai zo. Ka shirya wa zagi, ka shirya wa mari, ka haddace jawabi a kan 'yancin mai fasaha. Duk ba za su yi maka amfani ba.

Ya zo da hantsi, wannan karon maigadi ya ƙi cewa na tafi Bauci. Ya rame, yana jan ƙafa ɗaya, hannunsa na dama a naɗe da tsumma. Ya gaishe ni, ya tambayi kawuna, ya tambayi aiki. Na ba shi kujerar roba, ya zauna a bakinta.

"Ba faɗa na zo yi ba, Malam Hudu. A can sun karanta mini littafinka. Kullum sai sun karanta mini, su ce in faɗi inda wana yake."

Na fara jawabina. Ya ɗaga hannun mai tsumma, na yi shiru.

"An ce a ciki Ya Madu yana raye. An ɗauke shi daga gindin bishiyar."

"Baba Fannami, wannan ai..."

"Na san tatsuniya ce. Ni ba yaro ba ne. Wurin da ka ce na nuna hanya, na san ƙarya ka yi, don ina wurin. Amma sauran duk daidai ka rubuta, har gorar ruwa, har hular. Wurin da aka ɗauke shi kuwa ba na nan. Shi ne na ce ko wani ya gaya maka. Kai kana shiga mutane, kana jin labarai. Ko da a wurinsu yake, ni ba komai. In dai yana numfashi."

Ya zuba mini ido yadda yake yi wa masu giftawa ta ƙofar shagonsa.

A nan shawarata ita ce ka yi ƙarya. Ka ce ka ji ƙishin-ƙishin, ka ce wani direba ya ga mai kama da shi. Ƙarya ce sana'arka, wata uku kana yin ta ana tafa maka. Ni dai na nemi guda ɗaya a bakina na rasa.

Na ce, "Babu wanda ya gaya mini. Ni na ƙaga. Don babin ya yi daɗi."

Ya jinjina kai a hankali. "Ya yi daɗin?"

"An ce ya yi."

"To, madalla."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya mayar da kujerar jikin bango inda ya ga na ɗauko ta, ya ce in gaida kawu. Kafin wata ya ƙare shagon ya koma na mai cajin waya. Wasu sun ce Yola suka tafi, wasu sun ce Kano. Ijeoma ta daina buga mini aiki, yanzu sai na je har wani layi. Littafin kuwa ya fi da karɓuwa, don an ji har kama mutum aka yi a kansa.

Bayanin ba-ruwana

Wannan jagora an rubuta shi ne don ilimantarwa. Marubucin ba shi da alhakin duk wani shago da aka rufe, ko hannu da ya daina riƙe almakashi, ko sahun salla da ya yi giɓi, ko matar da ta yini a bakin ƙofar wani. Wanda ya bi matakan nan ya samu suna, shi ya sani. Wanda ya bi su ya wayi gari ba ya iya wucewa ta wani layi a Nasarawo sai ya sa mai keke ya zagaya, shi ma shi ya sani, kada ya neme ni, na tafi Bauci. Masu karatu su suka ce suna son jini da ɗaci da jarumi mai tabo, ni kawo musu kawai na yi. Kuma duk kamannin da aka gani tsakanin mutanen littafina da wani mai rai, ko mamaci, ko wanda har yau ba a san wanne ne daga ciki ba, dace ne kawai.